Asnimar da Tukunyar da Ba a Buɗewa

A ƙauyen Koto Baringin, wanda ke tafiyar rabin sa'a daga kasuwar Payakumbuh, da wuya a sami wanda ya tashi neman arziki cikin shekaru arba'in da suka shuɗe ba tare da ƙunshin randang na hannun Asnimar a ƙasan jakarsa ba. Saurayi mai zuwa Jakarta tallar tufafi, budurwa mai zuwa masana'antun Batam, tsoho mai niyyar aikin hajji, kowannensu sai uwarsa ko matarsa ta kai naman sa da kwakwa gidan Asnimar ana saura kwana biyu tafiya. Kowace mace a ƙauyen ta iya randang, wato naman da ake dafawa cikin madarar kwakwa har ya bushe, kamar yadda kowace ta iya wanke shinkafa. Amma na Asnimar ne aka shaida yana yin wata guda a cikin gwangwani bai sauya ɗanɗano ba.

An haife ta a shekarar da sojoji suka shigo tsaunuka mazan ƙauye suka gudu daji, a dogon gidan katako na kakarta ta wajen uwa. A aji huɗu ta bar makaranta, ba don rashin kai ba, sai don idon kakar ya fara dushewa, ana bukatar mai tsaya mata a bakin murhu. A nan ta koyi ƙa'idar da ta riƙe har tsufanta: kwakwa huɗu ga kowane kilo na nama, wutar ɓawon kwakwa ba ta itace ba, kuma hannu ba ya barin ludayi. Da hantsi, abin da ke cikin kasko miya ce rawaya mai ruwa. Da azahar ta yi kauri, ta yi ja, mai ya taso. A nan sunanta kaliyo, kuma a nan mai gaggawa take saukewa. Wadda ta san abin da take yi kuwa, sai ta rage wuta ta ci gaba da juyawa har la'asar sakaliya, ruwa ya ƙone ƙaf, naman ya yi baƙi, kowace tsoka ta bushe ta tsaya da kanta. Kakar takan zauna a bayanta da tsinken tsintsiya a hannu. In ta ji ƙarar ludayi ta ɗauke, ko na numfashi uku ne, sai ta tsula mata a ƙwauri.

"Wuta ba ta da dangi," take cewa. "Kika ba ta baya, ta ci amanarki."

Tana da shekara goma sha tara aka ɗaura mata aure da Bustami, mai keken doki, ɗan ƙauyen da ke ƙetaren kogi. Kamar kowane miji a ƙasarmu, shi ne ya tare a gidanta da 'yar jakarsa, domin gida da gona na mata ne, namiji kuwa baƙo ne a gidan matarsa komai daɗewarsa. Tsofaffi suna cewa miji toka ne a kan kututture, iska kaɗan ta ishe shi. Bustami dai iska ba ta ɗauke shi ba. Shekara arba'in da bakwai yana fita bayan sallar asuba da ƙarar ƙararrawar dokinsa, yana jigilar mata da kwandunansu tsakanin kasuwa da unguwanni, sai gab da magariba ya dawo yana ƙanshin gumin doki da taba. Mutum ne mai barkwanci, dogo, mai son nama fiye da kima. Haihuwa huɗu suka yi, ɗaya Allah ya bar musu, Yelfita, wadda ita ma da ta isa tafiya ta tafi Batam ta yi aure a can.

Ita Yelfita ce ta aiko wa uwarta tukunyar lantarki a wata ƙaramar Sallah, irin wadda ake zuba mata komai a rufe, ta yini tana dafawa a hankali babu mai kula da ita. Asnimar ta buɗe kwalin, ta dubi farar tukunyar da murfinta na gilashi, ta dubi wayar da ke reto a gindinta, ta ce, "Tukunyar malalata." Ta mayar da ita cikin kwali, ta ɗora a kan kabad, ta yi shekara biyu a can tana tara ƙura.

Ciwon Bustami ya fara ne da shaƙewa. Loma takan tsaya masa a ƙirji, ya sha ruwa ta wuce, ya yi dariya ya ce tsufa ne. Da abin ya yi tsanani aka kai shi asibiti a birni. Bayan gwaje-gwaje likita ya kira Asnimar gefe, ya gaya mata cewa wani tsiro ne a hanyar abinci, ya riga ya yi nisa, kuma a shekarunsa ba a batun aiki. A kai shi gida, a riƙa ba shi abinci mai laushi, abin da zai wuce ba sai an tauna ba.

Ta dama masa kunun shinkafa. Ya ɗanɗana, ya kau da kai, ya ce shi ba jariri ba ne kuma ba mai jego ba ne. Sai Asnimar ta yi abin da ta fi sani. Ta hura wuta, ta yini a bakin kasko, ta kawo masa randang baƙi wuluk, irin wanda ba ta taɓa yi wa wani matafiyi mai kyansa ba. A ganinta, mutumin da ya ƙi kunu ba zai ƙi wannan ba. Kuma ga alama bai ƙi ba, domin kullum in ta ajiye masa faranti ta koma madafi, takan dawo ta tarar babu naman. Mako uku ana haka. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, yana ci yana ƙara ramewa, har zobensa na azurfa ya fara zamewa daga yatsa.

Ranar wata Litinin da hantsi, yayarsa Jusmaniyar ta ƙetaro kogi. Tsohuwa ce 'yar shekara saba'in da takwas, gajera, mai dogara lema a maimakon sanda, kuma ita ce uwar gidan da aka haifi Bustami. Ta hau matakala ba tare da ta yarda an riƙe ta ba, ta shiga ɗakin, ta tsaya a kan ƙanenta ta daɗe tana kallonsa.

"Kai Bustami, kai ne nan, ko kuwa sandar shanya aka lulluɓe da zane?"

"Ni ne, Uni," ya ce, da sunan da ake kiran yaya mace a nan. "Rage nauyi nake yi, don kada masu ɗaukata su zage ni."

"Rufe mini baki, shashasha. Tun kana yaro ba ka san inda ake wasa ba."

Ta fito baranda, ta yafito Asnimar. A nan muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba.

"Asni, ba faɗa na zo yi ba. Kin riƙe mana shi shekara da shekaru, ba mu taɓa jin kanku ba, mun gode. Amma kin san al'ada. Mu muka ba ki aronsa. Namiji in ya kwanta ciwon da ba na tashi ba, danginsa suke zuwa su ɗauke shi, ya cika a ɗakin da uwarsa ta haife shi. Ba zan bari a ce ƙanena ya mutu da yunwa a gidan mutane, muna ƙetaren kogi muna kallo ba."

"Gidan mutane, Uni?" in ji Asnimar. "Kuma ai yana ci. Wallahi yana ci."

"In yana ci, ina abin yake zuwa? Ni ma na haifa, na yi jinya, na binne. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan dawo da ɗana da mota. In na ga yana cin abinci da idona, shi ke nan, na bar miki shi. In ban gani ba, kada ki ce na yi miki rashin mutunci."

Asnimar ta san al'adar. Ta ga an yi wa uwarta haka: an zo da amalanke an ɗauki ubanta, uwar ta koma mai zuwa dubiya da kwano a hannu, tana neman izini kafin ta shiga ɗakin mijinta. Ba zalunci ake ɗaukar abin ba. Haƙƙi ne, kuma dangin da ba su zo ba su ake zagi.

Washegari tana share ɗakin sai ta ga kiyashi sun ja layi daga tsagar katako, sun hau ƙafar gado, sun shige ƙarƙashin matashin kai. Bustami yana barci. Ta zura hannu a hankali, ta jawo wani hankici a ƙulle, ya yi sharkaf da mai. Da ta kwance shi sai ga naman jiya da na shekaranjiya, kowane yanka an tsotse shi ya yi fari, amma ko zare ɗaya ba a haɗiye ba. Da ta leƙa ta tagar da ke kan gadon, ta ga kyanwar maƙwabta zaune a ƙasa tana jira, ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace.

Ta zauna a bakin gadon da hankicin a cinyarta. Da ya buɗe ido ya gani, bai yi ƙoƙarin musu ba.

"Uda," ta ce, yadda mace take kiran mijinta a nan, "mako uku?"

"Ai ina shan man," ya ce. "Ba a yi asara ba."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya wa Asnimar ta Koto Baringin cewa randang ɗinta ba ya wucewa? Ai gara in faɗa wa liman alwalarsa ba ta yi ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta fita bayan gida wajen rijiya, ta wanke hankicin har sau uku, sa'an nan ta shiga ta taka kujera ta sauko da kwalin daga kan kabad, ta kira Yelfita a waya.

"Amak, tukunyar malalata kike tambaya?" in ji 'yar, da ta gama jin bayani. Duk da damuwa, sai da ta rama. "To, ki saurara. Ki yanka naman ƙanana, ki sa dankali da karas, albasa, tafarnuwa, citta, barkono kaɗan saboda maƙogwaronsa. Madarar kwakwa rabin wadda kika saba. Ki juya makunnin zuwa ƙaramar wuta, ki rufe, ki ba ta sa'a takwas. Naman zai narke kamar ayaba."

Ranar Laraba ta yi duk abin da aka ce, da tsanaki irin nata. Ta jona tukunyar, 'yar jar fitila ta kama, ta jawo kujerarta ta tsuguno ta zauna a gabanta da ludayi a hannu. Babu hayaƙi, babu ƙarar wuta, babu tafasa. Abin ya dame ta. Madarar kwakwa in ba a juya ta ba takan tsinke, wannan ko yarinya ta sani. Ta ɗaga murfin ta juya, ta rufe. Bayan ɗan lokaci ta ga gumi ya taru a cikin gilashin yana ɗiga cikin miyar, sai ta ɗaga ta goge shi da tsumma, domin ruwa shi ne abokin gabar nama. Ta juya, ta rufe. Haka ta yini, ko sallar azahar a gurguje ta yi ta, ta dawo ta ɗaga ta juya. Da aka kira magariba ta tsamo yanka ɗaya ta matsa da yatsa, ta ji shi kamar tafin takalmi. Dankalin ma bai nuna ba. Ranar ruwan shinkafa cokali biyu kawai Bustami ya sha.

"Sau nawa kika buɗe?" in ji Yelfita a waya da daddare.

"Ina ƙirgawa ne? Kamar dai yadda ake yi."

"Wayyo Amak! Ai ba a buɗewa! Zafin nata ɗan kaɗan ne, tara shi take yi a hankali. Duk ɗagawa ɗaya kin zubar da aikin rabin sa'a. Gumin nan da kike gogewa shi ne yake dafa naman."

"To wa zai juya?"

"Babu mai juyawa. Ki rufe ki tafi."

"In tafi ina?"

Yelfita ta ce, "Ki tafi wajen Apak mana," tana nufin ubanta. Sa'an nan ta tambayi irin naman da aka sa, da ta ji zallar tsokar cinya ce, ta ce a nemo ƙwauri mai jijiya da ɗan kitse.

Ranar Alhamis Asnimar ta hau motar kasuwa. Mahaucin da take ciniki da shi tun yana saurayi ya hango ta, ya fara wasa wuƙa yana jawo cinya, domin ya san ba ta yarda da ko ɗigon kitse.

"Ajiye wannan," ta ce. "Ƙwauri nake so, da jijiya."

"Ke? Yau ta yamma rana ta fito? Ko miyar masu gadi za ki fara sayarwa?"

"Yanka mini, sarkin surutu. Da bakinka wuƙa ne da ka fi haka ciniki."

Yana cikin yanka ya dubi fuskarta, sai ya bar wasan. Ya ƙara mata ƙashi mai ɓargo, ya ce a gaishe da mai keken doki.

Ranar Juma'a, tana idar da sallar asuba ta zuba komai a tukunyar. Ta lissafa da yatsu: sa'a takwas za su cika daidai lokacin da ake saukowa daga masallaci. Damar ke nan guda ɗaya, babu ta biyu. Ta rufe murfin, ta ga ya zauna daidai, ta rataye ludayin a ƙusa. Ta share tsakar gida da ba ta bukatar shara. Ta ba kaji tsaba. Ta dawo ta tsaya a ƙofar madafi, hannunta na dama yana motsi shi kaɗai a gefen zanenta.

"Asni!" Muryar ta fito daga ɗaki, siririya. "Na ji takunki. Zo nan."

Ta shiga. Ya nuna mata bakin gado, ta zauna. Ya miƙo hannunsa, wanda dā yake riƙe linzami yini guda, yanzu kuwa duk ƙashi ne, ya kama wuyan hannunta na dama.

"Na kama ɓarauniya. Ba inda za ki."

"Sake ni, Uda, dubawa kawai zan yi."

"Haka kika duba ta ranar Laraba, har ta mutu a hannunki."

Suka zauna. Rana ta fito ta shigo ta tagar, ta kwanta a kan zanen da ya rufa da shi. Asnimar ba ta san abin da ake yi da irin wannan zama ba. Tun da aka kawo mata shi, ba ta tuna ranar da hantsi ya same su su biyu a wuri ɗaya, babu mai shirin fita, babu abin da ke kan wuta yana kiranta. Ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta sa shi a kan bango.

"Juyo nan," ya ce. "Kin san wani abu? Bayanki na fi sani. In aka jera matan ƙauyen nan suka ba ni baya, ko a duhu zan nuna ki. Amma fuskar nan, sai in yi ta tambaya. Kullum na dawo, ke ce can a tsugune, kin ba ni ƙeya, kina hira da kasko."

"Da ban ba ka ƙeya ba, me za ka ci?"

"Ban ce ban ci ba. Na ci, na gode Allah. Ashe ma kina da tabo a gira."

"Tun ina yarinya yake nan. Mai ne ya fantsamo."

"To ka ji. Shekara arba'in da bakwai, sai yau aka gabatar da mu."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta. Da ta samu kanta sai ta ce, "Na bar ka da yunwa mako uku saboda girman kai. Likita ya faɗa mini, na ji da kunnena. Na ɗauka abin da hannuna ya dafa ya fi ƙarfin ciwo."

"Ni ma na bar ki kina ta wahala a bakin wuta saboda tsoron bakinki. Mun yi kunnen doki." Ya numfasa, ya jira zafin da ya taso masa ya lafa. "Asni, a gidan uwata aka haife ni, a ƙasarsu za a binne ni, wannan ba na ja. Amma tsakanin nan da can, a nan nake so in jira. Ɗakin can ban san inda rana take faɗowa a cikinsa ba."

Wajen ƙarfe goma ƙanshi ya fara zagayowa, ba irin wanda gidan ya saba da shi ba, mai kaifi da hayaƙi. Wannan a hankali ya shigo, kamar baƙon da ba ya son a tashi dominsa. Asnimar ta zabura.

"Tana kamawa a gindi."

"Ba ta kamawa."

"Na ji a hancina, Uda."

"Hancinki na murhu ne. Zauna."

Ya ba ta labarin dokinsa na fari, wanda ba ya wuce wata rumfar shayi sai an tsaya, ko da fasinja na sauri, domin tsohon mai shi a nan yake karyawa. Ta taɓa jin labarin fiye da sau ɗari, amma daga bayanta, tana juya kasko. Ba ta san cewa in ya zo wajen tsayawar dokin yakan kanne ido ɗaya ba. Kafin ya kai ƙarshe barci ya ɗauke shi, yatsunsa suka saki, hannun ya zame kan katifa.

Ga ƙofa a buɗe, taku goma ne zuwa madafi. Ta dubi ƙofar. Ta ji kamar ana tsula mata tsinke a ƙwauri. Sai ta ɗauki hannunsa ta mayar da shi a kan wuyan nata, ta riƙe yatsun da hannunta na hagu don kada su sake zamewa. Haka ta zauna har ladan ya yi kiran farko.

Ana saukowa daga masallaci motar ta tsaya a ƙofar gida. Ɗan Jusmaniyar, magidanci mai furfura a gemu, ya kwantar da kujerun baya ya shimfiɗa sabuwar katifa a ciki, har da matashin kai. Ya tsaya a jikin motar yana kallon ƙasa. Uwarsa ta hau matakala da lemarta.

Sai a lokacin Asnimar ta ɗaga murfin. Tururi ya buge ta a fuska. Miyar ta yi kauri, launin ƙasa-ƙasa, ɓargon ya narke a cikinta, dankalin ya fashe. Ta sa cokali a kan nama, kafin ta danna ya rabu biyu. Ta zuba a ƙaramin kwano, ta murƙushe komai da bayan cokali, ta kai ɗaki.

Jusmaniyar ta leƙa kwanon, ta taɓe baki.

"Wannan fa? Ai ko kaliyo bai kai ba. Wa ya dafa wannan ruwa-ruwan?"

"Ni ce, Uni."

"Ke? In aka ji a ƙauye, kin shiga uku."

"A ji."

Aka tayar da Bustami aka jingina shi da matasai. Ya ce a ba shi cokalin, shi zai ci da kansa, ba a yi wa mai keken doki ɗura. Ya yi bisimilla ya kai na farko. Ya riƙe shi a baki, ya rufe ido, maƙogwaronsa ya hau ya sauka, jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiya. Ya wuce. Ya buɗe ido ya dubi matarsa.

"Malalatan nan," ya ce, "ashe sun san abin da suke yi."

Ya kai na biyu, da na uku. Gumi ya keto masa a goshi. A na huɗu hannunsa ya fara karkarwa, miya ta zuba a kan zane, Asnimar ta tallafi gwiwar hannun ba tare da ta karɓe cokalin ba. Na biyar ya daɗe a bakinsa ƙwarai, har hawaye ya taru a gefen idonsa, kafin ya samu ya tura shi. Ya ajiye cokalin, ya yi wa yayarsa murmushin wanda ya ci tsere.

"Kin gani, Uni? Gobe sa guda zan cinye."

Jusmaniyar ba yarinya ba ce. Ta ga gumin, ta ga hawayen, ta san cokali biyar ba ya tayar da wanda ya kai inda ƙanenta ya kai, kuma ta san don wa aka haɗiye su. Ta dubi hannun Asnimar da har yanzu yake tallafe da gwiwar hannunsa. Ta karɓi kwanon, ta ɗebi kaɗan ta ɗanɗana, ta daɗe tana juya shi a baki.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce.

Ta dogara lemarta ta fita baranda, ta ƙwala wa ɗanta kira.

"Kai! Tsayuwar me kake yi kamar an dasa ka? Ciro katifar nan ka shigo da ita, ta fi wadda yake kai laushi. In ka gama ka koma gida ka ɗauko mini carbina da zannuwana. Na ga ya ci. Amma ba zan bar shi da mai dafa miya babu gishiri ba, sai ina kusa."

Aka shimfiɗa wa Jusmaniyar tabarma a ɗakin da Yelfita ta tashi a ciki. Kullum da asuba Asnimar takan zuba nama a tukunyar ta rufe, ta dawo bakin gado. Cokali biyar ya koma uku, uku ya koma ɗaya. Daga baya sai romon kawai, tana tsoma yatsa tana shafa masa a leɓe. Yelfita ta iso ana saura kwana huɗu. Ranar Talata da hantsi, rana tana kan zanensa, yayarsa tana karanta masa Yasin daga gefen ƙafafu, matarsa tana riƙe da kansa, Bustami ya cika.

Danginsa suka zo suka yi masa wanka da sutura, suka ɗauke shi a kafaɗa suka ƙetare gada da shi zuwa maƙabartar gidan uwarsa, kamar yadda aka saba. Asnimar ta bi su a baya cikin mata, ta tsaya inda baƙi suke tsayawa. Nata wurin, in lokaci ya yi, yana wannan gefen kogin, cikin danginta.

Da ake zaman makoki wata maƙwabciya ta ce mata, cikin tausayi, duk wahalar nan ashe kwana goma sha ɗaya kawai ta saya. Asnimar ta gyara mayafinta, ta ce ta ƙirga su ita ma, kuma ba ta raina ba.